Tukunyar da Ba Ta Taɓa Ganin Nama Ba

Gidanmu gidan mahauta ne a Batsari. Baba fawa ya gada, mu ma ita aka so mu gada, amma ni ban zaunu ba. Na yi aji biyu a elemantare na gudo. Aka kai ni wurin tela, na yi wata uku. Na bi masu jakai zuwa Tsaskiya da Safana saro wake, shi ma ya ishe ni. Shekarar da sojan Bama suka dawo gida, shirin tafiya haƙar kuza nake, har na ɗaure 'yan tsummokarana.

Sai ga Yaya. Shi ne ɗan farin Inna, kuma shekara shida rabonmu da shi. Soja ta kai shi Habasha, ta kai shi Indiya, ta kai shi Bama. Baba ya kayar da rago don murna. Aka kawo ma Yaya gasasshe cikin akushi, ya buɗe, ya rufe, ya tashi ya zaga bayan zaure. Muka ji yana amai. Aka ce gajiyar hanya ce.

Ashe ba gajiya ba ce. Nama ne ba ya iya ci, ko ƙaurinshi ba ya son ji. Sau ɗaya na tambaye shi dalili. Ya ce, "Ka taɓa jin ƙaurin daji in ya ci wuta da mutane a ciki? Ɗaya ne da na tukubar Baba." Ban sake tambaya ba.

A cikin gida aka yi abin da kowa zai yi: a dafa miya yadda aka saba, a tsame naman, a kai mashi. Mu a wurinmu in an tsame tsoka, ai babu nama ke nan. Ya shinshina, ya ture. Ya koma fura, ita ma 'yar kurɓa biyu. An yi rubutun sha, an yi turare. Cikin wata biyu wandon sojan nan sai da igiya yake tsayuwa.

Wata hantsi muna zaune gindin tsamiyar bayan zaure ya ce, "Kai ɗan boko, ka iya hura wuta?"

Na ce, "Yaya, ko jariri ya iya."

"A Indiya akwai mutanen da tun da aka haife su ba su taɓa sa nama a baki ba. Kuma ga su da tumbi."

"To me suke ci, ciyawa?"

"Wake, sakarai. Waken nan da kake wahalar da jakai a kanshi."

Ya kwatanta mani, na aro tukunyar Inna na dafa. Tun kafin in ajiye gabanshi ya kau da kai. Na rantse ban sa komai ba. Ya ce, "Na sani. Tukunyar ce." Sai a lokacin na lura. Tukunyar ƙasa tana shan maiƙo, ta Inna kuwa ta shekara ashirin tana shan kitse. Ludayi haka, muciya haka, akushi haka. Babu abin da ke gidanmu wanda nama bai ratsa ba.

Ranar kasuwar Wagini na taka da ƙafa, na sayo sabuwar tukunya da kasko da ludayi da ƙwarya. Na kafa duwatsu uku gindin tsamiya. Baba ya fito ya tarar ina surfen wake, ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Ɗan mahauci a gindin murhu! Gobe kuma sai ka ɗaura zane?"

Na ce, "Baba, Yaya ne zai ci."

Ya dubi Yaya, ya dubi igiyar wandon, ya wuce kasuwa. Abokaina su ne ba su raga mani ba. "Uwargida, yau me aka ɗora?"

Na Indiyan muka fara. Dal suke ce mashi. A surfe wake a wanke dussar, a dafa da gangamau har ya narke kamar kunu. Sannan a soya albasa da tafarnuwa da citta da barkono cikin man shanu, a juye a kai yana ƙara. Ana ci da cafati, wato garin alkama a kwaɓa, a murza da kwalba, a gasa a kasko. Nawa na farko sai ka ce fatar takalmi. Yaya ya yaga da haƙori, ya ce da shi aka ba su a Bama da sun gama yaƙin da jifa. Amma ya yi loma biyar. Ina ƙirgawa.

Daga nan kullum da inda za mu. Yau Habasha: ƙullin gero ya kwana biyu ya yi tsami, a zuba a kasko da faɗi kamar sinasir, a ci da miyar garin wake mai yaji. Gobe abincin fursunonin Italiya da ya yi gadi: taliya 'yar murji da tumatir da tafarnuwa da ɗoɗɗoya, a ɗiga man gyaɗa. Akwai na Masar, inda jirginsu ya tsaya: a gasa yalo a garwashi, a daka da riɗi, a matsa lemun tsami. Wani ya yi, wani sai awaki. Shi yana zaune yana ba da umarni kamar saje, ni ina shan hayaƙi. Abin mamaki, tun da nake ban taɓa wata guda ina abu ɗaya ban ƙosa ba sai wannan. Wuyanshi ya fara cikowa.

Inna kuwa ba ta kiran sunanshi, ba ta duban fuskarshi, ba ta yi mashi magana. Kunyar ɗan fari. Ni take tarewa a bakin rumbu.

"Mutumin naka ya ci?"

"Ya ci, Inna."

"Wake jiya, wake yau. Ina ƙarfi zai fito?"

Ran nan na bar dal a wuta na tafi faskare. Na dawo na sauke, na zuba mashi. Ya kai loma ɗaya baki, ya tsaya. Ya tofar, ya yi ta amai har da kumallo. Da ya ɗago ya ce, "Har da kai?" Ya shige ɗaki ya saki asabari.

Na tarar da Inna tana niƙa. Ba ta ko musa ba.

"Romon ƙashi ne, ludayi ɗaya tak. Romo ai ruwa ne."

"Inna, kin kashe tukunyar."

"To in zuba ido? Wata tara na ɗauke shi, ko ruwa ban isa in miƙa mashi da hannuna ba." Ta ci gaba da niƙanta.

Na je bakin asabari na gaya mashi gaskiya. Kwana uku ruwa kaɗai yake sha, shi ma sai wanda ya ɗiba da kanshi a rijiya. Na kai mashi gasasshen yalo, ya ce in ɗauke. Abokan tafiyata haƙar kuza suka aiko cewa ranar Juma'a za su tashi, in zan zo in zo. Na ɗauki ƙunshina na ajiye, na sake ɗauka.

Rana ta huɗu aka wayi gari babu Inna a gida. Sai azahar ta shigo, ƙafa duk ƙura, da sabuwar tukunya a ka. Wagini ta je, har gidan maginan. Ba ta nufi madafa ba. A tsakar gida ta kafa duwatsu, daidai saitin ƙofar Yaya, inda zai ga komai ta cikin asabari. Ta wanke hannu da toka har gwiwa, sau uku. Sannan ta ɗaga murya.

"Kai, zo ka gaya mani yadda mutanen can ke yi."

Na tsuguna ina faɗa. Duk abin da za ta zuba sai ta ɗaga shi sama tukuna: ga wake, ga gangamau, ga gishiri. Baba ya shigo da ƙafar saniya a hannu, ta ce, "Malam, yau ta baya za ka zaga." Ya juya, ya zaga.

Tana shirin juye albasa sai muka ji murya daga ɗaki, a dushe.

"Ɗan boko, gaya mata ba ta soyu ba. Sai ta yi ja."

Inna ba ta waiga ba. "Gaya mashi tun ba a haife shi ba nake suyar albasa."

"Gaya mata ba irin wannan ba."

Ta yi tsaki, amma ta mayar da kaskon wuta. Cafatinta na farko ya kumbura kamar kwaɗo, abin da na yi wata ina nema ban samu ba.

Ni na kai ƙwaryar. Na zauna a bakin ƙofa, ita kuma ta ba mu baya tana kankare kaskon da babu komai a jikinshi. Washegari Juma'a abokaina suka tafi ba ni, sai da shekara ta zagayo na bi su. Tukunyar nan kuwa rataya ta daban aka yi mata, kuma wanda ya taɓa nama bai isa ya sauke ta ba, har Baba.

Amma ran nan ban san duk wannan ba. Ina dai jin motsin hannu cikin ƙwarya. Can asabari ya ɗaga, ya turo ta fes.

"Gaya mata gishiri ya yi kaɗan," in ji shi. "Kuma a ƙaro."