Kazar da Na Ƙwato a Gidan Maƙwabta

Ko na tsufa na fara rikicewa, ba na jin zan manta da ranar da na shiga gidan mutane na ƙwato kaza. Lokacin ina amarya a Aliero, ina kiwon 'yan kaji a bayan ɗaki. Sai surukata ta aiko mini da kaza wake-wake daga Jiga Birni, kyautar farko da ta taɓa yi mini. Don murna, ina kwance mata ƙafa na sake ta cikin sauran. Ban san kaji ba sa son baƙuwa ba. Wata tsohuwar jar kaza ta yi kanta da sara, sauran suka rufa mata baya. Na kore su da tsintsiya, na ɗauka maganar ta ƙare.

Washegari babu baƙuwa babu alamarta. Hankalina ya tashi, don ban san abin da zan gaya wa surukata ba. Ina leƙawa ta kan katanga sai ga kaza wake-wake tana tsattsaga a tsakar gidan maƙwabciyarmu, wata dattijuwa mai sayar da daddawa da kowa ke kira Inna. Na zari mayafi, na shiga da sallamar da ko ni ban ji ta ba, na cafke kazar.

Inna ta ɗago daga bakin murhu ta ce, "Amarya, wagga tawa ta. Kwancin ƙwai takai, yanzu ta taso cin abinci."

Na ce, "Inna, na san abina. Kaza dai ba ta tsallake katangar nan da kanta."

Har yau idan na tuna wannan magana sai na runtse ido. Akwai mata masu sayen daddawa a tsaye suna ji. Inna ta dube ni, ta ce, "To, tahi da ita." Na kawo ta gida na kife ta da kwando. Yini guda tana fizge-fizge tana wani irin kuka, ni kuwa na ce baƙunta ce.

Bayan la'asar maigida ya dawo daga gonar albasa. Yana janye buhunan da ke jingine a zaure sai ya kira ni. Ga kazata a takure a lungu, kai duk busasshen jini, ido ɗaya a kumbure. Da na ba shi labari sai ya ce, "Ke kika ɗauko, ke za ki mayar."

Tsakanin ƙofarmu da tasu babu nisa, amma ban taɓa yin tafiya mai tsawonta ba. Na durƙusa gaban Inna da kazarta a hannu. Ta karɓa, ta kai ni bayan randa, ta nuna mini ƙwan a cikin wani fasasshen kasko. Na taɓa, sun yi sanyi ƙalau. Daga baya duk suka zama baragurbi, ko ɗan tsako ɗaya bai fito ba.

Na ce ta riƙe tawa a madadi. Ta ce, "Kyautar uwar miji? A'a, ɗiyata. Je ki shafa mata man kaɗe, ki rufe ta cikin sauran kajin har su saba." Da ta zage ni, da na fi samun sauƙi. Na daɗe ina zagayawa ta wata hanyar don kada mu haɗu, har sai da ta aiko a ji ko lafiya.

Tun daga ranar na koyi cewa tsoron laifina shi ya sa na yi gaggawar ɗora wa wani. Yanzu idan abu ya ɓata mini, sai na birkice gidana kaf kafin in leƙa na kowa.