Baba Haladu da Haƙora Arba'in da Uku

Da safen nan ina tsugune ina ɗaure ƙanƙara a bayan babur wayata ta yi ƙara. Abokina Bulus ne. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba, ya ce, "Nafi'u, Baba Haladu ya rasu bayan sallar asuba."

Igiyar ta suɓuce daga hannuna. Mu na Allah ne, wurinSa za mu koma.

Jiya jiyan nan na wuce ta gaban rumfarsa na yi masa hon, ya ɗago mini sifana kamar yadda ya saba.

Kuma wallahi abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne: shi ke nan, ban nemi yafiyarsa ba. Akwai maganar da na taɓa gaya wa dattijon nan a gaban mutane, wata takwas ina ɗauke da ita ina cewa gobe zan ba shi haƙuri.

Yanzu muka dawo daga maƙabarta. Ba zan cika ku da kuka ba, don Baba mutum ne mai dariya. Bari dai in ba ku labarinsa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Baba Haladu makanikin babur ne a nan Agege ta Legas, kusa da layin dogo. A nan aka haife shi. In yana magana, Hausa da Yarbanci da Turancin buroka duk a baki ɗaya suke fita. Ƙaton mutum ne, in ya zauna a benci kowa sai ya matsa.

Ni kuma sana'ata kai ƙanƙara ce. Daga gidan da ake daskarar da ita nake ɗauka in rarraba wa masu zoɓo da kunun aya da fura. Kaya ne mai nauyin tsiya, ga shi ba ya jira. Kana tafe yana narkewa.

Saboda haka tun da na fara, abu ɗaya nake so a duniya: gudu.

Wata rana na ji 'yan okada suna hira cewa sirrin gudu yana wurin sifiroket, wato farantan nan biyu masu haƙora da kaca ke bi a kansu, ƙarami a gaba, babba a tayar baya. Suka ce in ka rage haƙoran na baya ka ƙara na gaba, babur zai tashi kamar jirgi, mai ma ya daina sha.

Na nufi rumfar Baba da ƙarfina. Na ce a cire mini mai arba'in da ɗaya da babur ya zo da shi, a sa mai talatin da takwas.

Ya dube ni ta saman gilashinsa. Ya ce, "Me kake ɗauka?"

Na ce ƙanƙara.

Ya ce, "Gobe da safe ka zo da kayanka a ɗaure. Ni ba na canza wa mutum sifiroket sai na hau bayansa na ga hanyarsa."

Ashe haka yake yi wa kowa. Duk Agege an san shi da wannan.

Washegari kuwa Baba ya haye, ya rungumi buhun ƙanƙara, babur ya durƙusa kamar raƙumi. Muka bi lungu lungu, kwata, rami, goslo, bas ɗin haya na danfo ya tsaya a gabanka ba sigina, keke napep ya sha gabanka. Shi kuwa sai gaisawa yake da mutane ta kowane ɓangare kamar ɗan takara.

Da muka dawo ya sauka yana matse rigarsa da ta jiƙe. Ya ce, "Sau nawa ka sa giya ta huɗu?"

Na yi tunani. Na ce sau ɗaya.

Ya ce, "To gudun a ina za ka yi shi? Kai tsayawa da tashi ne aikinka. Ƙaramin sifiroket na mai doguwar hanya ne wanda ba ya da kaya. In na sa maka, babur zai riƙa nishi wajen tashi, kai kuma ka riƙa murɗa totur kana ƙona mai. Ƙari ma zan yi maka. Arba'in da uku."

Raina bai so ba, amma na bar shi. Ya sa, ya wanke kafireto ya saita shi da kunne, yana cewa in yi shiru injin yana magana. Ya zaro fulogi ya nuna mini, ya ce in ya yi baƙi babur na cin mai da yawa, in ya yi fari fat yunwa yake ji, kalar biredin da ya gasu ake so. Ya koya mini gwada sakin kaca da yatsa.

Gaskiya babur ya yi daɗi. Da kaya ma tashi yake ba gardama, kuma na rage zuwa gidan mai. Maman Rifkatu, babbar kwastomata mai zoɓo, har cewa ta yi yanzu ƙanƙarata na zuwa da kusurwoyinta.

Ina zaune lafiya sai Bulus ya ɓata komai.

Bulus ɗan Kudancin Kaduna ne, gadi yake yi can wajen gari, kullum a miƙaƙƙiyar kwalta yake tafiya shi kaɗai da kwanon abincinsa. Sai ya zo yana yi mini burga wai Baba ya sa masa mai talatin da takwas, yanzu iska kawai yake sha.

Abin ya ci mini rai. Abin da ya hana ni, shi ya ba Bulus?

Ban tsaya tambaya ba. Na tsallaka layin dogo wurin wani makaniki, na ce a sa mini talatin da takwas a baya, sha biyar a gaba. Shi bai tambaye ni ko ƙanƙara nake ɗauka ko auduga ba, ya ɗaura.

Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na ɗauko sifiroket ɗin Baba na kawo rumfarsa, ga mutane cike, na jefar a gabansa. Na ce, "Ga kayanka. Tsufa ya kama ka, ka koma gida ka yi renon jikoki."



Baba ya sunkuya ya ɗauka, ya goge shi da tsumma, ya rataye a ƙusa. Ya ce, "Oya, je ka, Allah Ya kiyaye hanya."

Kwana uku ina jin kaina. Duk inda na sami 'yar hanya fayau sai in buɗe wuta. Ban gaya wa kowa cewa tanki ya fara ƙarewa kafin la'asar ba.

Ranar Asabar Maman Rifkatu ta sami aikin biki a cocinsu, ta ce in cika kaya. Na cika. A hawan nan na bayan layin dogo goslo ya kama mu. A matsa taku biyu, a tsaya. Babur ya ƙi tashi sai na murɗa totur har ƙarshe ina wasa da kuloci. Na fara jin ƙauri. Can sai inji na ihu, taya ba ta motsi. Kuloci ya ƙone.

Na sauka na kama turi a tsakar rana. Ƙanƙara na tsiyaya ta jiƙa mini wando tsaf, wani kwandastan danfo ya leƙo ya ce, "Aboki, toilet dey front," wai bayan gida na gaba.

Da na isa na kwance buhu, Maman Rifkatu ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Nafi'u, ƙanƙara na aike ka ko sabulun wanka?"

Daga nan na ci gaba da turi har rumfar Baba, kaina a ƙasa. Na shirya jin gori iri iri.

Ya dubi wandona, ya dubi babur. Ya ce, "Sannu da zuwa, Mai Ruwa." Ya miƙa hannu ya ciro sifiroket ɗina daga ƙusa. Ya turo mini ledar biredi da shayinsa, ya ce in ci kafin ya gama.

Bai ƙara ko kalma ɗaya ba a kan abin da ya wuce. Sunan nan dai ya bi ni har yau.

Tun ranar na koma tafiya a hankali. In na zo daidai rumfarsa har ƙara rage gudu nake, don kunya. Sau da yawa na zo da niyyar ba shi haƙuri, sai in tarar da mutane, ko bakina ya yi nauyi.

Zamanmu na ƙarshe ranar Juma'ar da ta wuce ne. Ya ce ƙafarsa na ciwo, in sauke shi a masallaci. Muna hawan nan da na yi turi, babur ya haye da mu biyu cikin kwanciyar hankali. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka ji shi? Ko nishi ba ya yi."

Na ce yau dai sai na faɗa. Na ce, "Baba, maganar nan ta kwanaki..."

Ya ce, "Kalli gabanka, ga keke nan."

Ban sake samun dama ba.

Ɗazu bayan an dawo na je yi wa matarsa gaisuwa. Iya muke ce mata, Bayarbiya ce amma Hausa a bakinta kamar 'yar Kano. Na durƙusa a bakin ƙofa, na kasa riƙe kaina. Na ce, "Iya, na yi wa Baba laifi, ban nemi gafararsa ba."

Ta share ido ta dube ni. Ta ce, "Kai ne Mai Ruwa?"

Na ce ni ne.

Sai ga Iya tana dariya da hawaye a fuska, matan da ke gefenta suna kallonta. Ta ce, "Ɗana, labarinka ya fi sau ɗari a gidan nan. Har tashi yake ya kwaikwayi yadda ka shigo da jiƙaƙƙen wando. Na ce masa yaron nan kunyarka yake ji, ka sake shi mana. Ya ce ai tun ranar da ya jefar da ƙarfen na yafe masa, amma kada ki gaya masa. In ya daina jin kunyata, gudu zai koma."

Na zauna a ƙasa ina dariya ina kuka, kamar wani taɓaɓɓe.

Baba, Iya ta tona maka asiri. Amma ka kwantar da hankalinka, arba'in da uku na nan a tayata, ba mai taɓa shi.

Ya Allah, bawanKa Haladu ya yafe mini tun ban roƙa ba. Kai ne Ka fi shi son yafiya, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna Firdausi ce gidansa. Ka ba Iya da 'ya'yansa juriya.

Ku da kuka karanta har nan, ko kun san shi ko ba ku san shi ba, don Allah ku ɗaga hannu ku sa Baba Haladu a addu'a.