Wanki Bakwai da Na Yi wa 'Yan Kyanwa

"Riƙe ta da kyau!" na ce wa ɗana. Shi kuwa sai ya saki igiyar.

Karya ce ya karɓo wurin wani makanike a unguwar Dembe, wai ta yi min gadi, tunda mijina malam ya rasu ni kaɗai nake yini. Ban so ba. Tun da aka kawo ni gidan nan na unguwar Amrigebe kare bai taɓa tsallake zaurenmu ba. Ga kuma 'yan kyanwa uku cikin kwali a gindin randa, idonsu bai gama buɗewa ba. Uwarsu kyanwar malam ce, mai kwana a kan buzunsa, wani mai klando, ɗan acaɓa, ya take ta da babur kwana huɗu kafin nan. Su kaɗai suka rage min. Da ƙaramin cokali nake ɗura musu madara.

Karyar ta nufi kwalin. Na ɗauki muciya. Ta sunsuna, ta sunsuna, sai ta kwanta ta hau lasar su ɗaya bayan ɗaya.

"Kin gani, Inna? An raba ta da nata 'ya'yan, nononta ma bai ƙafe ba."

"Na ga yawu," na ce. "Ɗaure ta."

Ya ɗaure ta a jikin darbejiya, ya tafi aikinsa yana dariya.

'Yan kyanwan nan a cinyata nake ba su madara, da zanen da nake salla. Abin da uwata ta koya min shi ne, abin da kare ya lasa a wanke shi sau bakwai, na farko da ƙasa. Na ɗebo ƙasa, na ɗebo ruwan randa. Damina ce, an kwana ana ruwa. Na wanke kowanne ina ƙirgawa. Karyar tana ta fizgar igiya tana kuka, na ce mata ta yi min shiru.

A na biyar suka daina kuka. Na ɗauka sun saba ne. Na cika bakwai.

Kafin la'asar biyu daga cikinsu sun sandare cikin tsumma. Ɗana ya dawo ya tarar da ni zaune da kwalin.

"Inna, kwano ake wa haka, ba mai rai ba."

"Wa ya faɗa min?"



Na ukun, mai farin goshi irin na uwarsa, yana ɗan numfashi. Na ɗauke shi da hannuna na kai wa karyar, na tura shi jikin cikinta. Ta lashe shi, ta lashi hannuna, ban janye ba. Ta yi ta lasa har aka kira magariba. Bai kama nonon ba.

Da na miƙa hannu zan ɗauke shi in binne, ta ɗora haɓarta a kansa ta hana ni.