Fuskar da Ban Duba Ba a Garwa

Assalamu alaikum. Lokacin da abin nan ya faru ni tela ne, ina da ɗan shago a Gyaɗi-Gyaɗi, karatuna bai wuce firamare ba. Kowa a layinmu ya san ni da wasiwasi. Sai na auna mutum sau uku kafin na sa almakashi a yadi, in na kulle shago kuma sai na dawo daga bakin titi na sake jijjiga kwaɗon. Yayana direban babbar mota ne, shi ya fi kowa yi min tsiya a kan wannan hali. Yakan ce ranar da zan mutu ma sai na roƙi a jira ni na duba ƙofa.

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, da damina, aka aiko mana cewa motarsa ta faɗi kusa da Garwa a ƙasar Kamaru, ya rasu. Kawunmu da limamin unguwa suka ce a binne shi can, ƙasa duk ta Allah ce. Inna, mahaifiyarmu, ta ƙi. Babanmu a hanyar Makka ya rasu tun muna yara, ba ta san inda kabarinsa yake ba. Ta ce ba za ta yi irin wannan rashin sau biyu ba, a kawo mata ɗanta maƙabartar Tarauni, inda 'ya'yansa za su riƙa ziyartarsa. Ni kaɗai ne namijin da ya rage mata, ni aka tura.

A asibitin Garwa wani dattijo daga unguwar Hausawa ya yi min tafinta, don ma'aikatan Faransanci suke yi. Ya ce mutum biyu ne suka rasu a motar, yayana da wani da ya rage wa hanya, wanda ba a samu danginsa ba. Ba takarda a jikin ko ɗaya, fuskokinsu kuma sun ji rauni, sai ɗan'uwa ya duba ya nuna nasa. Aka shigar da ni ɗakin ajiye gawa. Sanyin ɗakin da warin magani suka buge ni. Ma'aikacin ɗakin na ɗaga mayafin gawar farko na runtse ido, na gyaɗa kai. Dattijon ya tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Ban ga komai ba. Fita kawai nake so na yi.

Mutanen unguwar suka yi masa wanka da sutura. Sun ce na shiga, na fake da neman takardu. Aka sa shi a akwatin kwano, aka liƙe da dalma, na sa hannu a takardun da ban iya karantawa ba. Kwana biyu muka yi a hanya, akwatin na bayana. Duk shingen da aka tsayar da mu sai na ji rabin zuciyata na fata jami'in ya ce a buɗe, rabi kuma na roƙon Allah kada ya ce. Babu wanda ya ce.

Bayan Azahar muka iso gida. Sai an nemo mai walda ya yanke akwatin, ga hadari ya taso, kawu ya ce ba za a jira a auna gawa ba. Ya ɗauko kara ya tsayar a gefena, ya karya daidai kaina, ya aika maƙabarta, yana cewa ai tsawonmu ɗaya. Gaskiya ya faɗa. Ni nake masa ɗinki, da awona nake yanka rigarsa ko ba ya gari.

Aka yi sallah, aka kai shi. Ni da kawu muka shiga kabari don karɓarsa. Muka kwantar da shi, ƙafafun suka ƙi shiga, wajen taki guda ya yi saura. Mai haƙa ya ce a ɗago, ya ƙara sara. Wani a baya ya ce ai gawa kan miƙe, kawu ya ce ko karan ne ya gutsure a hanya. Ni dai na san awo. Ni na kwance ɗaurin kai, yatsuna na kan likkafanin, abin da ya rage kawai na ɗan ɗaga na duba. Na tuna jama'ar da ke tsaye a kaina, da Inna da ke jira a gida, da abin da zan ce idan ba shi ba ne. Na janye hannuna. Aka jera tukwane, aka tura ƙasa.

Da na shiga gida Inna ta riƙe hannuna ta tambaye ni yadda na ga fuskarsa. Na ce mata fes, kamar mai barci. Ta yi hamdala, ta sa min albarka, ta ce yanzu hankalinta ya kwanta. Da wannan maganar ta rayu har ta koma ga Allah, aka binne ta ba nisa da shi, kamar yadda ta roƙa.

Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Wataƙila shi ne, wataƙila yayana na can Garwa a kabarin da ba mai ziyarta. Na yi ta tunani na gane cewa duk yawan dube-dubena na abin da ba ya ban tsoro ne. Ina roƙon duk wanda aka aika ɗauko gawar nasa, ya buɗe ido ya duba, ko zai faɗi a wurin. In ba zai iya ba, ya faɗa, ya tafi da wanda zai iya. Tsoron minti ɗaya ne na guje wa, ga shi na tsufa da shi. Duk Juma'a ni da 'ya'yan yayana muna zuwa Tarauni. Su suna yi wa babansu addu'a, ni kuma a zuciyata cewa nake, Allah ka jiƙan wanda ke cikin kabarin nan, ka jiƙan wanda na baro.