Issifou Mai Juya Allo

A unguwarmu ta Komah an daɗe ana cewa Malam Issifou mai gyaran rediyo bai iya darar Turawan nan ba, wadda 'yan lekol, wato 'yan boko, ke kira eshek. Wai ko wanda ya fara jiya cinye shi yake yi. Ni da na tsufa a aji ba na karɓar magana don kawai ta yi yawa a baki, sai na ce bari in gani.

Ina da dalili. Da yajin aikin nan ya rufe makarantu, jikana Awudu, saurayi mai zafin kai, ya koma wuni a rumfar Issifou. Ubansa ya ce zai hana shi, tunda malamin bai san komai ba. Ni kuwa na san in ya bar rumfar, titi zai nufa, inda ake ƙona tayoyi.

Kullum da hantsi Issifou kan share gaban shagonsa, ya kunna rediyon wani don gwaji, ya rage murya, ya shimfiɗa allo a kan benci. Ba ya fara wa sabon shiga da haddar buɗe wasa. Sarki da soja ɗaya yake ba shi, ya ce, “Kai wannan gida tukuna.” Kafin mutum ya taɓa komai sai ya faɗi abin da abokin wasansa ke shirin yi masa. In an gama, a sake jera 'ya'yan daga inda aka yi kuskure.

Na tambayi Rahinatou, ƙawata da ta yi aikin jinya a garin Dapaong, can inda Issifou ya koyi wasan yana saurayi. Ta yi dariya ta ce, “A can ba mai zama gabansa sau biyu. Duk ya kore su da ci, har ya rasa abokin wasa.”

Sai na ɗauki kujerata na tafi rumfar. Awudu ya ce, “Tsohuwa, nan ba gidan suna ba ne.” Na ce, “Yi wasanka, mai kan ƙwarya.”

Ina zaune Issifou ya matse shi, ya cinye masa doki, ya tsare masa sarki. Daidai nan mota ta tsaya da lasifika, samari masu zanga-zanga cike a baya, suna kiran sunan Awudu. Ya miƙe, ya ce ai dama an cinye shi.

Issifou bai ce masa kada ya tafi ba. Allon ya kama ya juya, fararen 'ya'yan da yake wasa da su suka koma gaban Awudu.

“Yanzu kai ke da rinjaye. Ƙarasa ni in ka iya.”

“Baba, jira suke.”

“To, je ka. Sai in gaya wa Hajiya kakarka ko da nasara a hannunka ba ka iya kai ta gida ba.”

Awudu ya dubi motar, ya dubi allon, ya zauna yana ƙunƙuni. Bai samu hanyar ba sai da aka kira la'asar. Motar ta daɗe da tafiya.

Ana cewa sai mai koyo ya sha kashi yake iyawa. Ban taɓa yarda ba, don ban ga wanda bulala ta koya wa lissafi ba.

Malam Issifou, kai ne ka gane tun a Dapaong cewa wanda aka yi ta ci ba ya dawowa. Kai ne ka riƙe mana samari a inuwa lokacin da mu iyaye muka rasa abin faɗa musu. Yanzu ido ya yi rauni, za ka rufe shago, amma ka ce benci na nan. Mun gode, Allah ya saka. Duk mai abin koyarwa a unguwar nan, ya je ya ga yadda ake yi.

Maganar da ake yi cewa kowa na cinye shi kuwa gaskiya ce. A Komah ba wanda ya taɓa ganin Issifou ya ci wasa. In ya kusa ci, allon yake juyawa.