Shuka Kafin Gandun Sarki

Hannuna bai gama komawa daidai ba. Amma zan faɗi abin yadda ya faru, don a gari ana ta faɗarsa yadda bai faru ba.

A garinmu, can gabas da Yekuwa, in ruwan shuka ya sauka ba mai taɓa gonarsa sai an shuka gandun sarki. Haka muka taras. Da safe a buga ganga, kowane gida ya fito, maza na sara da sungumi, mata na bin su suna zuba iri suna rufewa da diddige. Washegari kowa ya nufi tasa. Da can, da ruwa ke da yawa, ba wanda ya damu. Amma gonarmu jigawa ce, rairayi zalla, yini ɗaya rana ke shanye laimarta. Babana ya rasu a farin da ya wuce. Irin da ya rage mana ɗan kaɗan ne, wanda Inna ta liƙe cikin tulu da laka tun muna cin ganyen daji. In ya tafi a banza, babu wani.

Na dawo hutu daga kwaleji a Magariya na taras maganar mushe ta cika gari. Mushe, wato monsieur, shi ne malamin lakwal ɗinmu, makarantar boko, saurayi ɗan Damagaram mai keke. Shi ya matsa wa babana har aka bar ni na wuce kwaleji, wannan ba zan manta ba. Yakan tara samari gindin gawo yana cewa ƙasa ta mai nomanta ce, in talakawa suka haɗa kai suka kafa koperatif, ƙungiyar manoma, an gama da gandu.

"Ranar da aka buga gangar nan ba mai zuwa," in ji shi. "Ni zan fara tsayawa."

Samari suka yi tafi. Ni ma na yi, daga bayan danga.

Da na kai wa Inna labari ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Da ake mutuwa bara, koperatif ce ta buɗe rumbu ko sarki? Hatsinsa kika ci, 'yar nan. Rijiyar da mushenki ke sha ma kakan sarki ya haƙa ta."

"Inna, hatsin nan wa ya noma shi? Ba su Baba ba?"

"Ke rufe min baki. Lakwal ta ƙara miki harshe."

Ruwan ya sauko da yamma, ɗan kaɗan. Na tona ƙasa da yatsa, laimar ba ta yi nisa ba. Da gari ya waye ganga ta tashi. Na leƙa waje, sai ga samarin masu tafi, sungumi a kafaɗa, sun nufi gandu, ba mai kallon wani. Na ruga ɗakin mushe, na taras da kwaɗo a ƙofa. Wai an kira shi taro a Magariya.

Ban san lokacin da na ɗauki sungumin Baba ba. Mace ba ta sara a garinmu, ko kaka ba ta taɓa jin an yi ba. Layin farko ya karkace, ramukan wasu zurfi wasu ko kaza za ta tone. Inna ta biyo ni tana haki.

"Don Allah 'yar nan, ki rufa mana asiri. Ajiye, mu je gandu."

Na ci gaba da sara. Ta tsaya tana kallon ramukan a buɗe, rana na shan su. Ta ce, "Kai, wannan ɓarna da yawa take." Ta juya gida. Na zaci fushi ta yi. Sai ga ta da ƙwaryar iri.

Mun kai tsakiyar gona dogarin sarki ya iso. Abokin babana ne, Kawu nake ce masa, shi ya yanka ragon sunana.

"A'a, 'yar lakwal! Yaushe kika zama namiji ba a gaya mana ba? Ko wando za mu ɗinka miki?"

"Ina kwana, Kawu."

"Ba kwana na zo ji ba. Ba ki ji ganga ba?"

"Na ji, Kawu."

Ya fizge sungumin. Na durƙusa na fara tono da hannu. Bulalar ta sauka a damtsena, sau ɗaya. Ban taɓa jin abu irinsa ba. Inna ta ajiye ƙwarya.

"A gonar ubanta ka doke ta, Malam? Da yana nan za ka yi?"

Ya saɓa sungumin ya tafi. Muka ƙarasa da hannu da diddige, ni ina tono ina kuka, Inna na zubawa tana zagina.

Da la'asar aka kira mu fada. Na zaci tsawa zan sha. Sarki tsoho ne, a hankali ya yi magana, wannan ya fi ba ni tsoro.

"Yarinya, gandun nan ba cikina yake shiga ba. In kowa ya yi yadda kika yi, wa zai cika rumbun da za a buɗe in fari ya dawo? Malaminki?"

Ban san inda muryata ta fito ba. "Ranka ya daɗe, ba mu ƙi gandu ba. Amma naka fadama ce, tana riƙe ruwa. A shuka namu yau, naka gobe."

Fadawa suka ɗauki salati. Sarki ya ce a mayar mana da sungumi, amma daga yau gidanmu ba shi da rabo a rumbunsa, ko da me ya zo.

Mushe ya dawo yana murna. Wai ni ce muryar talakawa, in zo gindin gawo in nuna wa samari shatar bulala.

Na ce, "Mushe, taron ya yi kyau?"

Bai sake tambayata ba. Damtsena ba allon lakwal ba ne.

Ina tsoro. Kullum ina duban gabas, don in ruwa ya ɗauke ba ƙofar da za mu buga, kuma ni na ja wa Inna wannan. Amma geronmu ya fito, layinsa a karkace, ya fito. Na waɗanda suka jira washegari, wani ya tsira wani ya ƙone a rami, kuma ba na murna da hakan. Ban ba kowa haƙuri ba, ba zan bayar ba.

Jiya a bakin rijiya wata maƙwabciyarmu, wadda ita ma fari ya ɗauke mata miji, ta matso kamar za ta taya ni jan guga. Ta rage murya.

"Ke, saran nan da wuya?"

Na ce mata kafaɗa ce kawai ke ciwo.