Jar Rigar Na-Ƙetare

Shekara talatin da ɗaya babana ya yi yana ɗinkin takalma a barandar shagon aski guda, amma in ka shiga layin ka tambaye shi da sunansa na yanka, sai a tsaya ana kallon juna. Na-Ƙetare kowa ya sani. Daga ƙasar da muke iyaka da ita ya zo yana saurayi, da akwatin katako, da basilla, da jar rigar ƙwallo ta ƙasarsu. A nan ya yi aure, a nan ya haife mu mu huɗu, a nan furfura ta same shi. Rigar kuwa ya kafa mata ƙusa a bango daidai saman kansa. Rana ta ci ta har ta koɗe, amma duk Asabar sai ya sauke ta ya wanke da hannunsa. Ko Inna ba ya bari ta taɓa.

Mai shagon, wanda muke kira Mai Aski, ƙato ne mai tumbi, bakinsa kamar rediyo. Shi ya ba Baba barandar, shi ne kuma ya ɗora wa kansa aikin hana shi sakat. Tun bai buɗe ƙofa ba zai fara: "Na-Ƙetare, yaya golanku da ciwon baya? Sunkuyawa ɗauko ƙwallo daga raga ai ba ƙaramin aiki ba ne."

Baba ba zai ɗago ba. Sai ya tsinke zare da haƙori ya ce, "Ka fara gaishe min da ɗan wasan gabanku, mai buga fanareti ya kashe tsuntsu."

In suka yi masa taron dangi, sai ya jawo zancen zari-ruga, wasan nan da ake rungumar ƙwallo mai siffar ƙwai a ruga da ita. A nan kam ƙasarsu ke lallasa tamu duk shekara. Sai dai kaf layin ba mai kallon wasan sai shi. Mai walda ya ce wannan ba wasa ba ne, ƙarti ne ke kokawa a kan ƙwai ɗaya. Baba ya ce dole su faɗi haka, tunda ko ƙwan ba su taɓa riƙewa ba.

Akwai wata doka a layin, ta girme ni. Duk ranar da ƙasashen biyu suka haɗu a ƙwallon ƙafa, wanda aka ci ƙasarsa zai sa rigar waɗanda suka yi nasara, ya share gaban shagunan layin guda bakwai, safiya uku a jere. To ɓangaren su Baba shi kaɗai ne, kuma shekara goma sha tara ƙasarsu ba ta ci tamu ba. Sau goma sha ɗaya ya yi sharar nan, sanye da shuɗiyar rigar Mai Aski da ke kai masa gwiwa, ana tafi ana shewa. Wallahi na tsani abin. Ina yarinya har hanyar makaranta nake sakewa don kada in gani. Na taɓa tambayarsa cikin kuka me ya sa yake yarda. Ya ce, "Bar ni in share, uwata. Tara musu nake yi."

Da tsufa ya kama Mai Aski, hannunsa ya fara rawa, sai ya koma gida ya bar wa ɗansa shagon. Ɗan ya sa sababbin madubai da ƙatuwar talabijin, ya kuma ce a riƙa kiransa Manaja.

A wannan talabijin aka kalli wasan da ƙasashen biyu suka sake haɗuwa, wata Lahadi da la'asar. Na kai wa Baba maganinsa na hawan jini, na tsaya a bakin ƙofa saboda shagon ya cika maƙil. Ba ci har minti na tamanin da tara. Sai wani siririn ɗan wasan ƙasar su Baba ya sa kai, ƙwallo ta faɗa raga. Shago ya yi tsit. Baba, tsohon nan da ko tashi daga kujera sai ya dafa bango, sai ga shi a tsaye yana ihu, yana juyi, hularsa a ƙasa. Ni da na taso ina goyon bayan shuɗi, ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba.

Washegari Baba ya zo da sabuwar tsintsiya, da jar rigar an goge ta sumul, ya shimfiɗa a kan akwatinsa yana jira. Ba wanda ya matso. Mai walda ya ce satar gida ce, alƙalin wasa ne makaho. Mai shago na uku ya ce bayansa na ciwo. Can Manaja ya fito yana kaɗa makulli.

"Tsoho, wancan wasan naku ne na da, ya wuce. Kuma rigar nan tana kore min mutane, ransu a ɓace yake. Ko ka kai ta gida, ko ka bar mana barandarmu."

Wani daga cikin shagon ya ƙara da cewa in ƙasarsu ta fi daɗi, ai hanya a buɗe take. Mutumin da Baba ya ɗinke wa takalmin makaranta! Na ce masa, "Kai, rufe mana baki, mara kunya! Da yana share muku ƙofa ba ku tuna baƙo ne ba sai yau?" Baba ya ɗaga min hannu, na ja da baya ina huci.

Ya miƙe. Ya zare ƙusarsa daga bango, ya kinkimi akwatinsa ya tsallaka titi, inda babu ko inuwar kara. Ya kafa ƙusar a jikin turken lantarki, ya rataye rigar, ya jingina tsintsiyar a ƙarƙashinta, ya zauna yana fuskantarsu.

Kwana biyu rana na dukansa. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don na san jikinsa. Na durƙusa na ce, "Baba, don Allah ka kai ta gida ka koma inuwa. Riga ce fa kawai."

Ya ce, "Sau goma sha ɗaya na sa tasu. Ko sau ɗaya kin ji na ce riga ce kawai?"

Inna ce ta je ta faɗa wa matar Mai Aski. A safiya ta uku sai ga Mai Aski yana dogara sanda. Bai kalli shagonsa ba, bai gaida kowa ba. Ya tsallako, ya sauke jar rigar, ya cusa kansa ciki da ƙyar. Ta tsaya masa a saman cibiya, ɗinkin gefe ya ce ɓarr. Ya ɗauki tsintsiya.

Manaja ya fito a guje. "Abba, don girman Allah kawo in karɓa, mutane na kallo."

"Cire hannunka. Kwana biyu tana jiranka a nan ba ka gan ta ba?"

Haka ya yi ta shara, yana tsayawa yana haki, bakin kuma bai mutu ba. "Satar gida ce, Na-Ƙetare, kowa ya gani! Ɗan wasan naku ma kamar sandar rake!" Ba mai tafi, ba mai dariya. Mai walda ya shige shagonsa ya ja ƙofa. Kusan awa guda ya ɗauka kafin ya gama shago na bakwai, ya dawo jiƙe da gumi, ya tuɓe rigar ya jefa wa Baba.

"To, kwashe tarkacenka ka koma wurinka."

Baba ya miƙa wuya ya duba layin tun daga farko har ƙarshe.

"Gaban mai walda bai fita ba," ya ce. "Kuma safiya uku ce doka. Saura biyu. In sun cika zan dawo."

"Tsohon banza," in ji Mai Aski, ya zube a kan akwatin kusa da shi, cikin ranar.

Baba ya juya rigar ya duba inda ta yage. Ya lalubo wani jan ƙyalle a cikin kayansa, ya zura zare a allura, ya fara ƙara mata faɗi ta gefe saboda gobe.